Sharhi Kan Shirin Fadama na Bankin Duniya: Abin da Ya Shiga Hannun Manomi, da Inda Aikin Ke Cijewa

A ƙauyukan da ke gaɓar kogin Haɗeja da na Rima da na Gongola, kalmar fadama ta daɗe da zama mai ma'ana biyu. Akwai fadamar da kowa ya sani, ƙasa mai laima inda ruwa ke kwanciya da damina a yi lambu da rani. Akwai kuma 'yan Fadama, waɗanda ke zuwa da farar mota da takardu su ce a kafa ƙungiya. A kan ta biyun za mu yi magana, wato hidimar da Bankin Duniya ya shafe kusan shekara talatin yana zuba wa kuɗi a Najeriya, yadda take tafiya da yadda waɗanda abin ya shafa ke kallonta. Hukuncinmu shi ne, cikin ayyukan Bankin a Arewa da wuya a sami wanda ya kai Fadama shiga hannun talaka, amma aiki ne mai yawan zuwa a makare, kuma da zarar an janye kuɗi sai ƙafarsa ta fara rawa.

Tushen abin shi ne ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da aka fara a 1975, waɗanda suka haifar da hukumomin raya noma na jihohi irin su KNARDA a Kano. Fadama ta farko ta zo a 1992 da bashin dala miliyan 67.5, aka rufe ta a 1999, kuma ƙarfinta ya fi yawa a Kano da Jigawa da Bauci da Gombe da Sakkwato da Kabi da Zamfara. Abin da ta kawo ba wani babban gini ba ne. Ƙaramar rijiyar bututu ce da injin ban-ruwa na fetur, su suka kori jigo da ƙwarya daga lambu.

Ya kamata a tsaya a nan kaɗan, domin duk sunan da shirin ya yi a kan wannan rijiya ya yi shi. Inda ƙasan fadama yashi ne, ana tura bututun roba mai inci biyu da ƙarfin ruwa zuwa zurfin mita 6 zuwa 12, a yini guda an gama. Inda akwai laka mai tauri sai an kawo injin haƙa, a sa bututu mai inci uku ko huɗu, a yi masa tsaga-tsaga a ƙasa don ruwa ya shiga yashi ya tsaya. Injin da ke zuƙo ruwa daga sama ba ya iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Shi ya sa rijiyar da ke ambaliya a watan Disamba za ta iya ƙafewa a Maris, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya kuma shuka ta fi bukatarsa. Manoma sun san dabarar: a haƙa rami mita ɗaya ko biyu a gefen bututun a saukar da injin ciki. Ɗan kwangilar da ya haƙa rijiya jim kaɗan bayan damina ya auna zurfinta da ruwan lokacin ya cuci masu ita, ko da ya nuna musu tana zuba a ranar miƙawa. Rijiya ɗaya da inji mai inci biyu ko uku na shayar da kadada ɗaya zuwa biyu, kuma injin na shan fetur lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Abin da ke kashe shi ba ya wuce uku: a tayar da shi ba a cika shi da ruwa ba sil ya ƙone, yashi ya cinye fankar ciki saboda ba a sa matata a bakin tiyo ba, ko a bar baƙin mai ya wuce awa ɗari ba a juye ba. Wannan fasaha ta karɓu har ta fi ƙarfin shirin kansa. Yau masu haƙa na kansu ne ke yin ta, manomi na biya daga aljihunsa, kuma wannan ce shaidar nasara mafi ƙarfi da Bankin zai iya nunawa.

Sai dai an yi tuya an manta da albasa. Fadama ba ta mai lambu kaɗai ba ce. Nan ne makiyayi ke samun ɗanyar ciyawa da mashaya da rani, nan ne masunci ke kafa mali, nan mata ke yankan ciyawar saƙa. Da lambuna suka mamaye gaɓar kogi, burtali ya toshe, hanyar mashaya ta ɓace, rikici ya ƙaru. Har yau idan ka ji makiyayi na maganar shirin da sanyin jiki, daga nan abin ya samo asali: a idonsa an kawo wa manomi inji ne, shi kuma an rage masa wurin kiwo.

Bankin ya amsa wannan kuskure, kuma Fadama ta biyu, wadda aka amince da ita a ƙarshen 2003 da dala miliyan 100, an gina ta ne don gyara shi. Jihohi 11 da Abuja suka shiga ƙarƙashin Bankin Duniya, wasu shida, ciki har da Jigawa da Katsina da Borno, ƙarƙashin Bankin Raya Afirka. Tsarin da aka shimfiɗa a nan shi aka ci gaba da bi a Fadama ta uku ta 2008, mai dala miliyan 250, wadda ta game jihohi 36 da Abuja. Mutane goma zuwa ashirin da 'yan kai masu sana'a ɗaya, manoma ko makiyaya ko masunta ko mata masu sarrafa amfanin gona, suna kafa ƙaramar ƙungiya, su yi rajista a ofishin gama-kai, su buɗe asusun banki. Ƙananan ƙungiyoyin gari sai su haɗu su zama babbar ƙungiya guda. Jami'in wayar da kai ya zauna da su a fitar da bukatu a jera su a kundin tsarin raya gari. Kundin ya je kwamitin ƙaramar hukuma, daga nan ofishin jiha ya duba. Idan ya tsallake, ƙungiya ta nemo farashi daga wurin 'yan kasuwa uku, ta zuba kasonta a asusu, sannan shirin ya cika sauran kashi-kashi. A wancan lokacin, a kayan sana'a kamar inji da tiyo ƙungiya na biyan kashi 30 cikin ɗari, bayan an sauko da shi daga kashi 40 da aka fara da shi. A iri da taki rabi ne. A aikin gayya irin su hanya da kwalbati da rumfar kasuwa kashi 10 ne, kuma ana iya biyansa da yashi da tsakuwa da aikin ƙarfi.

A takarda babu abin kushewa a nan. Kuɗi na shiga asusun mutanen gari, su ke zaɓen abin da suke so, su ke sa hannu a biya. Kuma an auna sakamakon. Binciken da IFPRI, cibiyar nazarin manufofin abinci ta duniya, ta yi kan Fadama ta biyu ya nuna kuɗin shigar waɗanda suka shiga ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari, nesa da kashi 20 da aka yi hanƙoro. Amma binciken ya nuna wani abu da ba a cika ambata a taron yabo ba: masu matsakaicin hali ne suka fi cin riba, su kuwa talakawan ƙarshe kadarar ƙungiyarsu ta ƙaru amma kuɗin shigarsu bai motsa sosai ba. Dalilin a fili yake. Kashi 30 na kuɗin inji a watan Oktoba, kafin a sayar da amfanin damina, ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke aunen hatsi da tiya. Sai mai hali ya biya wa kowa, injin ya zama nasa, sunayen sauran su zauna a takarda. A garuruwa da yawa ƙungiyar 'yan gida ɗaya ce, ko ta shafaffu da mai na kusa da kansila da mai unguwa, domin su suka fara jin labari kuma su ke da wanda ya iya cika fom. Wannan ne ya sa a gari guda za ka sami mai sa wa shirin albarka da mai cewa rabon 'yan siyasa ne, kuma dukansu ba ƙarya suke yi ba.

Inda aikin ya fi cijewa shi ne lokaci. Noman rani ba ya jira. Renon tumatir da albasa a Satumba zuwa Oktoba ake yi, a dasa a Nuwamba. Alkama dole ta shiga ƙasa tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba don ta sha sanyin hunturu, in ta wuce haka zafin Maris zai same ta tana cika ido ta ƙanƙance. Shinkafar rani a Janairu zuwa Fabrairu ake dasa ta, kuma kadada ɗaya na son wajen buhu huɗu na kamfa a farko da buhu biyu na yuriya a raba shi biyu. Ita kuwa takarda kalandarta daban. Sai jiha ta rubuta tsarin aikin shekara, ofishin Abuja ya duba, Bankin ya ba da takardar amincewa, a cike asusu bayan an kai rasiɗan kuɗin baya. Rasiɗi ɗaya ya ɓata daga ƙungiya guda na iya tsayar da kuɗin ƙaramar hukuma. Kowane mataki yana da hujjarsa, don hana sata aka yi shi, amma in aka tara su sai irin alkama ya iso a Janairu. Manomin da aka kawo wa taki bayan shuka ta wuce lokacinsa ba zai mayar ba, kasuwa zai kai, sannan rahoto ya ce manoma na sayar da kayan tallafi. Ma'aikatan ofishin jiha sun fi kowa sanin wannan, kuma shi ne kukan da suka fi yi da Bankin: ƙa'idar saye da biyan kuɗi ba ta san damina da rani ba.

Amma ba adalci ba ne a jibga wa Bankin duka. Sau da yawa rijiya ce ta ba da ruwa guga ya hana. A Fadama ta uku an ɗora wa kowace jiha kason kusan naira miliyan 56 a shekara, ƙaramar hukuma naira miliyan 2, kuma daga nan ake biyan alawus ɗin jami'an wayar da kai da man mota da kuɗin zagaye. Jihar da ta ƙi biya, dalar Bankin na nan a ajiye amma babu mai fita ƙauye ya haɗa takardun da za su fito da ita. Canjin gwamna kuma kan zo da canjin shugaban ofis, sabon ya ɗauki watanni yana koyon ƙa'ida. Jami'an Bankin na kallon wannan a matsayin rashin cika alkawari, su kuwa kwamishinonin kuɗi na ganin sharuɗɗan sun yi yawa a kan kuɗin da bashi ne za a biya.

Kayan haɗaka ma suna da tasu matsalar. Injin ban-ruwa da mutum biyu ko uku ke rabawa yana daɗewa. Injin casar shinkafa ko na niƙa da mutum ashirin suka mallaka, ranar da ya lalace ba shi da uba. Fadama ta uku ta hango haka, ta ce kowace ƙungiya ta riƙa ajiye kashi 10 na darajar kayanta duk shekara a wani asusu don gyara da sauyi. Shawara ce mai kyau, sai dai inda babu mai bibiya ajiyar ba ta wuce shekarar farko, kuma faɗuwar naira ta cinye abin da aka tara. Hanyoyin burji da aka yi babu magudanar gefe, damina biyu ke mayar da su yadda suke, domin an miƙa su ga ƙananan hukumomin da ba su da kasafin gyara.

Ɓangaren mata ya fi samun yabo fiye da yadda ake zato, musamman turara shinkafa da matsar man gyaɗa da kiwon awaki da tumaki, tunda sana'o'i ne da ake yi a cikin gida. Abin da ke ɓata shi biyu ne. Inda jami'in wayar da kai namiji ne, gidan da aka rubuta ba a shiga ba zai shiga ba, sai miji ya wakilci matarsa, shi ya zaɓi abin da za a saya. Na biyu, ana sayo dabbobi a babbar kasuwa a loda a mota ɗaya a raba a ranar, ba a yi musu allurar rigakafin gishu da zawon awaki da ake samu daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ba, ba a ware su mako biyu zuwa uku ba. Akuyar tallafi ta mutu, ta kuma tafi da na gida. Inda aka sayi dabbar a kasuwar yankin, matar da kanta ta zaɓa, likitan dabbobi ya duba, garken kan tsaya.

An ƙara wa Fadama ta uku dala miliyan 200 a 2013 don shinkafa da rogo da dawa da tumatir, Kano da Neja na cikin manyan jihohinta, sannan dala miliyan 50 a 2016 don jihohin Arewa maso Gabas shida da rikici ya ɗaiɗaita. An rufe a ƙarshen 2019. Tumatirin Kano ya nuna iyakar shirin ƙarara: an ƙara yawan amfani, amma a watan Fabrairu kwanduna na jibge a kasuwar Kwanar Gafan babu mai saye da daraja, ga tsutsar sharon da ta share gonaki a 2016. Ƙarin amfani ba tare da wurin ajiya da mai saye tabbatacce ba, ɗan kasuwa yake yi wa aiki.

Ofisoshin Fadama ba su mutu ba, su aka damƙa wa ɓangaren noma na NG-CARES, shirin farfaɗo da tattalin arziki na bashin dala miliyan 750 da aka amince da shi a Disamba 2020 bayan annobar korona. Nan salon biya ya juya: jiha ce ke fara kashe kuɗinta, masu tantancewa masu zaman kansu su zo su ƙirga, sannan Bankin ya mayar mata. Wannan ya rage jiran takardar amincewa, ya kuma sa gwamnan da ya saki kuɗi da wuri ya ga amfanin hakan. Illarsa ita ce abin da ake ƙirgawa shi ake kulawa da shi. Manoma nawa suka karɓi taki, injuna nawa aka raba, wannan yana da sauƙin tantancewa. Ko takin ya zo a kan kari, ko injin na aiki bayan shekara biyu, ba shi ke kawo kuɗi ba. A ganinmu tsohon tsarin zama da mutanen gari a fitar da bukata ya yi rauni a nan, abin ya karkata zuwa rabon kaya.

Akwai kuma giɓi babba tsakanin yadda ƙauye ke kallon Bankin da yadda birni ke kallonsa. Manomi kyauta ya karɓa, ba wanda zai zo masa biyan bashi, kuma da yawa ba su ma san bashi ba ne. Ɗan boko da ɗan jarida da ɗan ƙwadago kuwa bashin suke gani, suna tuna tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Gaskiya bashi ne mai sauƙi, wa'adinsa na kaiwa shekara talatin ko fiye da 'yan shekarun hutu a farko, amma da kuɗin waje ake biya, kuma a yawancin irin waɗannan shirye-shirye daga kason jiha na wata-wata ake yanka tun daga Abuja. Dala miliyan 250 a canjin 2008 na kusan naira 118 ba ta kai naira biliyan 30 ba. A canjin naira 1,500 ta zama biliyan 375. Zuwa tsakiyar 2024 bashin da sashen lamuni mai sauƙi na Bankin ke bin Najeriya ya haura dala biliyan 16, ta zama ta uku a duniya bayan Bangaladash da Pakistan. Wasu malamai da manoma na da tambayar kuɗin ruwa, abin da ya sa shirin noma da kiwo na Kano mai kimanin dala miliyan 95, wanda Bankin Musulunci ke ɗaukar nauyi, bai gamu da wannan ɗari-ɗari ba.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin fetur, ra'ayin biyu sun fara haɗuwa a bakin rijiya. Bankin ya daɗe yana ba da shawarar cire tallafin fetur, ya yaba da aka cire, ya kuma biyo da dala biliyan 2.25 a Yunin 2024 don mara wa sauye-sauyen baya. Lita da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kai 1,000 a ƙarshen 2024. Mai shinkafar rani da ke kunna inji awa shida zuwa takwas kwana biyu ko uku a mako, wata uku zuwa huɗu, shi ya fi kowa jin wannan a jikinsa. Injin da Fadama ta koya masa ya zama abin da ke cinye ribarsa. Wasu sun juya kafireto zuwa gas ɗin girki, wasu sun rage fili, masu hali sun koma na hasken rana. Shirye-shiryen yanzu, irin su ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, sun shiga raba na hasken rana, kuma hanya ce mai ɓullewa muddin an auna girman faranti da zurfin rijiya, an kuma horar da mai gyara a garin. Famfon rana ruwansa a hankali yake zuwa yini guda, don haka fangalin da aka yanka don ambaliyar inji mai inci uku sai an rage masa girma.

Bankin kan yi binciken jin ra'ayi a ƙasashen da yake aiki duk bayan 'yan shekaru, amma waɗanda ake tambaya jami'an gwamnati ne da malaman jami'a da 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula da 'yan kasuwa. Mai lambu a Auyo da makiyayi a gefen Goronyo ba su cika shiga wannan lissafi ba. Hanyar kai kuka na nan a rubuce: kwamitin ƙorafi na gari, ofishin jiha, sashen ƙorafe-ƙorafe na Bankin, har da kwamitin bincike mai zaman kansa da aka kafa a Washinton a 1993. Sai dai akwatin ƙorafi da aka rataye a ofishin wanda ake ƙorafi a kansa ba ya cika, kuma lambar waya da aka rubuta da Turanci a allon aiki ba ta isa ga wanda ajami yake karantawa.

Ga ƙungiyar da ke shirin shiga irin wannan shiri, ya cancanci a shiga, amma da ido a buɗe. A haɗa rajista da asusu tun da damina, kada a jira sanarwa. Masu sa hannu su zama uku daga gidaje daban-daban. A zaɓi kayan da akwai makanikensu da kayan gyaransu a kasuwar da ke kusa, a ƙi sa hannu kan takardar karɓa sai an kunna inji ya yi awa guda yana zuba. Rijiya a matsa a haƙa ta a Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya yi ƙasa, in kuma dole ne a haƙa da wuri, a ƙara mita uku kan inda aka tarar da ruwa. A zauna da arɗo a shata hanyar mashaya kafin a kafa shinge, a rubuta a gaban dagaci. Taki ko irin da aka yi alkawari kuwa kada a jingina shukar bana a kansa: a tanadi na farkon shuka daga aljihu, na shirin in ya zo ya zama na zubi na biyu.